'Yata mai shekara 16: ta sa hannu da kulob ko ta wuce jami'a?

"Assalamu alaikum Koci. Mu a Maryland muke zaune nan Amurka. 'Yata shekararta 16, tun tana ƙarama take buga ƙwallo, yanzu tana wata ƙungiya da ke buga gasar matasa ta ECNL, 'yar tsakiya ce. Tun watan Yuni kociyoyin jami'a suka fara kiranta, guda biyu sun ce za su ba ta sikolashif. To sai kuma wani kulob na NWSL, babbar gasar ƙwararrun mata ta Amurka, ya gayyace ta ta yi tirenin da su na ɗan lokaci, tunda ta dawo wani ejan ya dame mu da waya wai kar mu bari jami'a ta ɓata mata lokaci. Babanta ya ce ko kusa, karatu dole. Ita kuma kullum kuka wai za mu tauye ta. Ni na rasa inda zan sa kaina. Dan Allah a ba ni shawara."

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya sa albarka a abin da ta sa gaba. In na fahimce ki da kyau, abu uku ne a hannunku yanzu, alƙawarin sikolashif guda biyu, gayyatar tirenin da an riga an yi an gama, sai kuma wayar ejan. Kin ga a cikin ukun nan babu kwantiragi. Wannan shi ne abin da nake so ki fara riƙewa kafin komai, saboda rigimar da ake yi a gidan naku ana yin ta ne kamar takarda na kan tebur ana jiran biro, alhali kulob ɗin bai ce komai ba tukuna, ejan ne kawai ke magana, shi kuma ejan abincinsa yana cikin sa hannun ne. Ban ce mugu ba ne, akwai na kirki sosai a cikinsu, amma dai ki san daga inda yake magana.

Yadda aka yi abin ya zama tambaya

Shekara goma sha biyar baya babu mai yi min irin wannan tambayar, don hanya ɗaya ce. Tun da aka yi dokar nan ta Title IX a 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin mace da namiji, jami'o'i suka zuba kuɗi a wasannin mata, sai ya zamana jami'a ita ce makarantar ƙwallon mata a ƙasar nan. Taurarin ƙwallon Amurka irin su Mia Hamm duk daga nan suka fito, jami'ar North Carolina kaɗai ta ci kofin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sau 21 a hannun koci Anson Dorrance. Kuma ko yarinya ta ce ba ta son jami'a ina za ta? Lokacin da aka fara NWSL a 2013 mafi ƙarancin albashi dala 6,000 ne a kaka gaba ɗaya. Wa zai bar karatun kyauta saboda wannan?

Lindsey Horan ce ta fara fasa layi a 2012, ta ajiye sikolashif ɗin North Carolina ta tafi PSG a Faransa, mutane suka yi ta mamaki. Sai Mallory Pugh ta bar UCLA a 2017 ta koma Washington Spirit. Amma wadda ta ɓalle ƙofar gaba ɗaya ita ce Olivia Moultrie, wadda ta sa hannu da Nike tana shekara 13 a 2019, ta haƙura da gurbin da North Carolina ta ba ta, iyayenta suka tattara suka koma Portland, ta yi ta tirenin da Portland Thorns ba ta da damar buga wasan gasa saboda dokar lig ta ce sai mai shekara 18. A 2021 suka maka lig ɗin a kotu, alƙali ya ba ta dama, ta sa hannu tana 15. Bayan nan ne lig ta fito da tsari na musamman na ɗaukar 'yan ƙasa da 18, sai ga Chloe Ricketts da Melanie Barcenas sun sa hannu suna 15 a 2023, sai Mak Whitham da Gotham ta ɗauka a 2024 tana dab da cika 14. Alyssa Thompson kuma tana sakandare aka zaɓe ta ta ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na lig a Janairun 2023, ta bar gurbinta na Stanford, a shekarar ta je gasar kofin duniya. Waɗannan sunayen su ne 'yarki take gani a waya kullum, kuma su ne ejan zai ta jero miki.

Sannan a Agustan 2024 aka yi sabuwar yarjejeniya tsakanin lig da ƙungiyar 'yan wasa, aka soke tsarin nan da kulob-kulob ke yin layi suna zaɓen waɗanda suka gama jami'a ɗaya bayan ɗaya, yanzu 'yar wasa ita ke zaɓen inda za ta, kwantiragi ya zama dole a biya shi har ƙarshe, ba a sayar da mutum sai da yardarsa. Mafi ƙarancin albashi ya koma dala 48,500 a 2025, zai dinga hawa har 82,500 a 2030. To kin ga abin ya zama sana'a ta gaske, ba wasan yara ba, don haka kar Alhaji ya ɗauka yarinyar shirme take.

Inda 'yarki take da gaskiya

Gaskiya ta fannin ƙwallo zalla, akwai abin da jami'a ba ta iya bayarwa. Kakar jami'a gajera ce, daga Agusta zuwa Nuwamba, in an yi nisa a kai farkon Disamba, wasa wajen ashirin a cushe, sau da yawa Alhamis a buga Lahadi a sake bugawa, to yaushe aka huta balle a zauna a gyara kuskure? Sauran watannin kuma doka ta ƙayyade awannin da koci zai yi da su. Ga dokar canjin 'yan wasa da ta fi ta sauran duniya sassauci, ana ta shiga da fita, shi ya sa wasan wasu jami'o'in ya fi karkata ga gudu da ƙarfi, 'yar tsakiya mai son riƙe ƙwallo ta juya ta raba kamar taki tana iya shan wahala in ta faɗa hannun kocin da ba ya son a ajiye ƙwallo a ƙasa. A NWSL kuwa daga Maris ake yi har Nuwamba, kullum kana tirenin da matan da suka buga kofin duniya, ga likitoci ga masu kula da abinci ga masu nazarin bidiyo. Yarinyar da ta riga ta fi sa'anninta nesa ba kusa ba, wadda in an sa ta cikin manya ba a gane ita ce ƙarama, wannan kam shekara huɗu a jami'a na iya rage mata gudu. Ban musa ba.

Amma irin waɗannan nawa ne? A duk shekara 'yan tsiraru ne a ƙasa mai jami'o'i sama da 300 a rukuni na ɗaya na NCAA, wato mafi girma, kaɗai. Kuma yawanci ba a ɓoye suke ba, za ki ga ana kiran su tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da 17 ko ƙasa da 20 a kai a kai, ba sau ɗaya ba, kuma kulob fiye da ɗaya ke nemansu. Ba ki faɗa min ko ana kiran taki ba, wannan babbar alama ce da ya kamata ku duba.

Benci

Abin da ba a nunawa a Instagram shi ne benci. Ranar sa hannu akwai hoto, riga da lamba, iyaye na murmushi, daga nan kuma sai shiru. Koci a NWSL aikinsa na kan layi kowane mako, in ya yi rashin nasara huɗu a jere ana iya sallamarsa, to in wasa ya yi zafi minti na saba'in ana ɗaya da ɗaya, zai juya ya kalli benci, ga mai shekara 29 da ta buga wasa ɗari biyu, ga 'yar 16, wa kike ganin zai kira? Kuma har yanzu ba a gama gina ƙananan ƙungiyoyi na ko-ta-kwana ba irin yadda kulob-kulob na maza suke da su, inda yarinya za ta dinga samun minti casa'in duk mako tana jiran lokacinta. Ni a aikina abin da na gani shi ne tsakanin 16 da 20 wasa ne ke gina ɗan ƙwallo, ba tirenin kaɗai ba. Sai ka yi kuskure a gaban jama'a, an ci ku saboda kai, ka kwana da shi, mako mai zuwa a sake sa ka. Wadda take zama a benci ba ta samun wannan.

Akwai kuma zaman kanta. Na taɓa raka wata yarinya da nake horarwa wajen irin wannan gayyatar, abin da ya tsaya min a rai ba cikin fili ba ne, bayan an tashi ne. Manyan suka shiga motocinsu, wata za ta ɗauko ɗanta daga makaranta, wasu sun haɗu za su cin abinci, ita kuma tana zaune a kan jakarta a bakin ƙofa da kwamfuta a cinya tana ƙoƙarin gama aikin lissafi kafin mamanta ta iso. Babu wanda ya wulaƙanta ta, sun ma yi mata kirki sosai, amma ba sa'anninta ba ne. In ta sa hannu haka rayuwar za ta zama, makaranta ta koma ta intanet, ƙawaye sai a waya. Wata yarinyar tana iya ɗauka, wata kuma a hankali za ki ga ta daina dariya. Ke kika san taki.

Kuma dokar 'yan ƙasa da 18 ta ce dole ta zauna da uwa ko uba ko wani mai riƙonta har ta cika 18. Wato in kulob ɗin ba kusa da ku yake ba, ɗayanku zai bar aiki ko ya raba gida, ga ƙannenta in akwai. A lissafa wannan ma a cikin kuɗin. Ni dai dokar ta yi min daidai, don duk wanda ya bi rahoton binciken da lauya Sally Yates ta fitar a Oktoban 2022 kan cin zarafin 'yan wasa a lig ɗin nan ya san manyan mata ma sun sha wuya a hannun wasu kociyoyi, balle yarinya. An yi gyara sosai tun daga lokacin, amma ido na uwa daban ne.

Ƙofa ɗaya ce ke rufewa

Nan ne zuciyar maganar take a wajena. In ta shiga jami'a, ƙofar kulob a buɗe take, duk ranar da ta ga ta isa za ta iya fita, musamman yanzu da babu wancan layin zaɓen. Sophia Smith shekara biyu ta yi a Stanford ta fita a 2020. Korbin Albert ta bar Notre Dame ta tafi PSG a 2023. Catarina Macario ta bar Stanford zuwa Lyon. Amma in ta sa hannu a kwantiragi ta fara karɓar albashi, damar buga wa jami'a a NCAA ta tafi, sikolashif na ƙwallo ya tafi da ita. Za ta iya yin karatu daga baya, babu mai hana ta, amma da kuɗin aljihu. Manyan jami'o'i masu zaman kansu irin Stanford da Duke, in an haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci sun haura dala 80,000 a shekara. Ki ɗora wannan kusa da 48,500 da ba a cire haraji ba tukuna. Hausawa suka ce ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu, to a nan ma hadarin bai gama haɗuwa ba.

Ki duba Naomi Girma, 'yar Habashawa ce da aka haifa a Kalifoniya, gidan baƙi kamar namu. Ta je Stanford, ta ci kofi a 2019, jijiyar gwiwarta ta tsinke tana can, ta yi jinya tana zuwa aji, ta dawo ta gama digirinta, kulob ɗin San Diego ya ɗauke ta ta ɗaya a zaɓen lig, a Janairun 2025 Chelsea ta saye ta a kan dala miliyan 1.1, mace ta farko da kuɗinta ya kai miliyan. Jami'a ba ta ɓata mata lokaci ba. Kuma maganar gwiwar nan ba ƙarama ba ce, tsinkewar jijiyar nan ta fi yawa a mata fiye da maza, jinyarta wata tara zuwa shekara, wata ta dawo kamar da, wata ba ta dawowa daidai. In ya faru tana jami'a, karatu na tafiya, kuma tun Agustan 2024 dokar rukuni na ɗaya ta hana a janye wa ɗaliba sikolashif saboda rauni ko don wasanta ya ja baya. In ya faru a shekarar ƙarshe ta kwantiragi kuwa, za a biya ta har ƙarshensa, daga nan sai abin da Allah ya yi.

Ko namu na gida ki duba. Wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata da Najeriya ta ci Maroko 3-2 a Yulin 2025, wadda ta ci ƙwallon nasara Jennifer Echegini ce, ta bi ta Mississippi State da Florida State, ta ci kofin NCAA a 2023 kafin ta tafi Juventus sannan PSG. Michelle Alozie da ta ci Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe, Yale ta yi, ta buga wa Houston Dash tana kuma aikin binciken cutar daji a asibitin yara a Texas. Deborah Abiodun daga Rivers Angels ta zo Pittsburgh, ta yi kaka biyu, sannan ta sa hannu da Washington Spirit. Ki nuna wa yarinyar waɗannan ma, ba su Thompson kaɗai ba.

Shi ma sikolashif ɗin a bincike shi

Kar kuma Alhaji ya ce na goyi bayansa ɗari bisa ɗari. "Za mu ba ta sikolashif" magana ce mai faɗi. Shekaru da yawa gurbi 14 kacal doka ta yarda kowace ƙungiya ta raba, a kan 'yan wasa wajen talatin, don haka da yawa rabi suke samu ko kwata. Bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'a suka kai NCAA kan biyansu kuɗi, wanda kotu ta amince da shi a Yunin 2025, jami'o'in da suka shiga tsarin an cire musu wancan iyaka, amma an ƙayyade musu 'yan wasa 28, kuma ba kowace ce ke da kuɗin cika duka ba. Jami'o'in Ivy League, irin su Harvard da Yale, kuma ba sa ba da sikolashif na wasa sam, sai tallafi gwargwadon ƙarfin iyaye. To ku tambaya ƙarara, kashi nawa cikin ɗari, na shekara nawa, ya haɗa da ɗaki da abinci? Kuma alƙawarin baka ba ya ɗaure kowa, koci na iya canja aiki gobe sabon ya zo da nasa tsarin, sai an sa hannu a takardar tallafi a ajin ƙarshe na sakandare sannan ya tabbata. Ku je ku kalli wasansu biyu uku, ku ga ko 'yan shekarar farko suna samun shiga, ku ga yadda suke amfani da 'yan tsakiya. Jami'ar da za ta ajiye ta a benci ita ma benci ne. Sauƙin dai shi ne yanzu ana iya canja jami'a ba tare da an zauna shekara ba a buga ba.

Sannan tun Yulin 2021 ɗalibi na iya karɓar kuɗin talla da sunansa ba tare da ya rasa damarsa ba, abin da ake kira NIL. Alyssa Thompson da ƙanwarta Gisele sun yi irin wannan da Nike tun suna sakandare a 2022. Ba kuɗi ne mai yawa ba ga yawancin 'yan ƙwallon mata, kar a ruɗe ku, amma ya rage kaifin maganar "ko kuɗi ko karatu". Sai dai wanda ke kan bizar ɗalibi abin na da sarƙaƙiya, kuma shi kansa tsarin NWSL na 'yan ƙasa da 18 na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin, to ki duba matsayin takardunta.

In ejan ya kawo maganar Turai, ki sani dokar FIFA ta hana kai 'yan ƙasa da 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai 'yan keɓantattun dalilai, kamar iyaye su ƙaura saboda wani abin da ba ƙwallo ba. In kuma tana sa hijabi a fili, FIFA ta halatta tun 2014, a Amurka ba matsala, amma hukumar ƙwallon Faransa ta hana a gasanninta, kotu ma ta tabbatar da hakan a 2023.

Abin da zan yi in ni ne

Kar ku sa hannu a komai da ejan yanzu, ko takardar da ya ce "ta wakilci ce kawai", kuma kar ku karɓi kuɗi ko tikitin jirgi daga hannunsa, sai kun nuna wa ofishin da ke kula da bin dokar NCAA a ɗaya daga jami'o'in da ke nemanta, za su duba muku kyauta don su ma ba sa son ta rasa dama. Tirenin da kulob kuwa ta ci gaba da zuwa in sun sake kira, muddin abin da suke biya bai wuce kuɗin hanya da masauki da abinci ba, amma shi ma a tambaya kafin a je. Wannan ita ce hanya mafi daɗi a shekarunta, tana shan iskar manya ba ta ƙona komai ba.

Sannan ku nemi zama da kulob ɗin kai tsaye ba ta bakin ejan ba, ke da Alhaji da ita. Ku tambayi kocin, in da yau ta zo, ita ce ta nawa a gurbinta? Wa ke gabanta? In ba ta samu shiga ba ina za ta dinga buga wasa, akwai tsarin aro? Shekara nawa kwantiragin, ya wuce ranar da za ta cika 18 da nisa ko a nan ya tsaya? Za su rubuta kuɗin karatun jami'a a ciki? Wannan na ƙarshen ana iya nemansa, kulob ɗin da ya matsu da yarinya zai saurara, wanda ya fara kame-kame kuma ya ba ku amsa ke nan. In suka kawo takarda ta shekara uku ko fiye, da kuɗin karatu a rubuce, da bayani mai ma'ana kan yadda za ta samu minti, kuma gidan zai iya ɗaukar ƙaurar, to Alhaji ya sassauta a zauna a duba da gaske, a kai wa lauyan da ya san harkar wasanni, wanda ku kuka biya shi ba wanda ejan ya kawo ba. In babu waɗannan, ta karɓi jami'ar da ta fi dacewa da wasanta, ku yi mata alƙawari a gaban babanta cewa bayan shekara ɗaya ko biyu in tayi na gaske ya zo ba za a tare ta ba. Yara da yawa kukan da suke yi ba na jami'a ba ne, na jin an yanke hukunci ba da su ba ne.

Ni ban ga 'yarki tana wasa ba, kuma ni koci ne ba lauya ba, dokokin NCAA da na lig kuma suna ta canjawa 'yan shekarun nan, don haka duk abin da na faɗa na doka a sake tabbatar da shi kafin a ɗau mataki. Ku samu wani koci da ba shi da ko sisi a cikin lamarin, ba na ƙungiyarta ba don shi ma yana son a ce yarinyarsa ta zama ƙwararriya, ku ba shi bidiyon wasa cikakke guda biyu ko uku, ba guntayen da aka tsince masu kyau ba, har da wanda aka ci su, ya faɗa muku tsakani da Allah inda take. Da wannan amsar za ku shiga zaman da kulob ɗin.